Kafin ka sayi jif mai layi uku, shiga kujerar can baya ka zauna tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu ɗaukaka. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da magidanta 'yan uwana masu niyyar sayen babbar motar iyali, wato jif ɗin nan masu layin kujeru uku da dillalai ke tallatawa da cewa wai tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas.

Maganar dillali ba ƙarya bace, kujerun suna nan, bel ɗinsu ma yana nan, amma abun da ba zai gaya maka ba shine da zarar ka ɗaga layin nan na uku to but ɗin motar ya tafi, kuma mu dai a nan ba wanda ke tafiya da mutum bakwai ba tare da kaya ba. Tafiyar Sallah ce ko biki ko gaisuwar mutuwa, akwai akwatin uwargida, akwai Ghana must go na yara, kula biyu ko uku ta abinci, jarkar ruwa, tabarma, sannan a dawowa an ɗora maka buhun masara da galan ɗin man gyaɗa wanda in ka ce ba wuri an ga baƙinka har shekara ta zagayo. Toh ina za a zuba su? Taura biyu dai bata taunuwa, a mafi yawan motocin nan ko ka ɗauki mutane ko ka ɗauki kaya.

Bari in kawo lissafi don kar a ce surutu ne kawai. Alƙaluman da kamfanonin suka fitar a Amurka ne, ni dai na mayar dasu lita don a fi ganewa. Toyota Highlander ƙirar 2008 zuwa 2013, wadda ta cika garuruwanmu, in layi na uku yana tsaye wurin kayan da ya rage a baya wajen lita 290 ne kawai. Ƙirar 2014 zuwa 2019 an ɗan ƙara ya kai wajen 390. Yanzu ka kwatanta da Camry ƙirar 2012 zuwa 2017, ƙaramar mota mai ɗaukar mutum biyar, but ɗinta ya kai wajen lita 435. Kaga kenan mutum ya sayar da Camry ya cika miliyoyi ya sayi jif don iyali sun ƙaru, amma ranar tafiya wurin kayansa ya ragu ba ƙaruwa yayi ba. Kuma su a jif awon har kusan rufin motar ake yi, in ka cika har can ba zaka ga komai ta madubin tsakiya ba. Lexus GX 460 da ake ji da ita wajen lita 330 ne, duk wannan girman da kake gani daga waje. Honda Pilot ƙirar 2009 zuwa 2015, mai siffar akwatin nan, ita ce ta ɗan yi adalci da wajen lita 510, don bayanta a miƙe yake ba a zaftare shi don kwalliya ba.

Sai batun zaman kansa, wanda shine ya fi damuna. Mutane suna ɗauka matsalar ita ce gwiwa na taɓa kujerar gaba, eh akwai wannan, a Highlander ta 2014 zuwa 2019 wurin ƙafa a layi na uku wajen santimita 70 ne, amma babbar matsalar ita ce kujerar a ƙasa take sosai. Dalili kuwa a ƙarƙashin wurin nan ne aka cusa su gindin tayoyin baya da shokozoba da safaya taya, dole daɓen motar ya taso sama, rufi kuma ba zai ƙara tsawo ba, to don kar kan mutum ya bugi rufi sai a sauke kujerar ƙasa. Sakamakon shine babba in ya zauna kamar ya hau kujera 'yar tsugunno, gwiwa ta taso sama, cinya bata kwanta a kan kujera ba, duk nauyin jiki ya koma kan ƙugu. Zagayen cikin gari ba komai, amma a ce daga Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, wallahi wanda ya sauka sai ya daɗe yana dafe da mota kafin ƙafarsa ta dawo daidai. Ga shi duk ramin da taya ta faɗa shi zai fi kowa ji tunda a saman tayoyin yake zaune, shi yasa yara masu amai a mota suka fi yinsa a can.

Manyan jif masu shasi irin na a-kori-kura, su Prado da Land Cruiser da GX, nan ma abun ya fi tsanani, saboda ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya guda ɗaya ne doguwa, tana buƙatar wurin hawa da sauka. An yi su ne don daji da yashi da rami, kuma a nan ba mai ja dasu. Amma a Land Cruiser ƙirar 2008 zuwa 2021 in ka naɗe kujerun baya ba cikin daɓe suke shigewa ba, gefe da gefe ake rataye su, sun cinye faɗin but ɗin sun kuma tare gilashin gefe. Su kansu Amurkawa sun gane wannan, Chevrolet Tahoe ƙirar 2015 zuwa 2020 duk girmanta wurin ƙafa a layi na uku wajen santimita 63 ne, bai ma kai na Highlander ba, sai a ƙirar 2021 da suka canza tsarin ƙafar baya kowace taya ta zama mai cin gashin kanta, daɓe ya sauka, wurin ƙafar ya koma wajen santimita 89. Ford Expedition tun 2003 ta yi wannan canjin, Toyota Sequoia kuma ƙirar 2008 zuwa 2022 haka take, shi yasa babba ke iya zama a bayansu ba wahala. Sai dai fa Sequoia injin silinda takwas ce, kuma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai ban ga magidancin da zai riƙa kai yara makaranta da ita kullum ba sai wanda Allah ya buɗa wa sosai.

Abun da ya kamata mu gane shine ba don mu aka ƙera waɗannan motoci ba. A Amurka matsakaicin gida bai kai mutum uku ba, layi na ukun nan na ko-ta-kwana ne, ranar da yaro ya kwaso abokansa zuwa wasan ƙwallo a ɗaga, a dawo a kwantar. Mu kuwa kullum a tsaye yake. Kuma wa ake turawa can? Hajiya Kaka dai ba zata iya ba, don shigar ma sai an ture kujerar tsakiya an sunkuya an ɗaga ƙafa, mace mai zani da hijabi ma da ƙyar, to yara ne da 'yar aiki da ƙanin maigida da bai da bakin magana. Su kuma basa ƙorafi sai dai ka juyo ka gansu sun jiƙe da gumi.

Gumin nan ma magana ce. Yawancin motocin suna da esi na baya mai bututunsa daban da ya bi ta ƙarƙashin mota, in ya tsufa ya fara yoyon gas, wasu masu gyara maimakon su canza sai su toshe bututun kawai a bar na gaba yana aiki, mai saye ya kunna a gaba yaji sanyi ya biya kuɗi. Ni an taɓa nuna min wata Pilot a wani wurin sayar da motoci, fes da ita, dillali na ta rantsuwa ko ƙwarzane babu, na zagaya na zauna a can baya na ce a kunna, iska na fitowa amma ɗumi ne zalla. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi na wuce digiri 40, kuma gilashin layi na uku a yawancin jif baya buɗuwa, to ka ɗauka yaro ne a wurin na awa biyar.

Ni a ganina, kuma na san wasu zasu ji haushi, motar da ta fi gaskiya ga mai iyali ita ce Sienna. Ƙirar 2011 zuwa 2020 wurin kayanta a bayan layi na uku wajen lita 1,100 ne, kusan ninki uku na Highlander, saboda akwai rami mai zurfi a daɓen but ɗin inda kujerun ke shigewa in an naɗe su, in kuma suna tsaye ramin ya zama wurin akwatuna. Wurin ƙafa wajen santimita 92, ƙofa mai zugewa, daɓe a ƙasa yadda tsohuwa zata shiga ba sai an tallabe ta ba. In kana son jif da zai baka irin wannan wurin kaya sai dai irin su Chevrolet Suburban, wadda tsawonta ya kai mita 5.7, ina garejin da zata shiga a lungunanmu. Amma mutanenmu sun raina Sienna, wai motar haya ce, in ka faka a wurin ɗaurin aure za a tambaye ka ko Abuja zaka. To ai 'yan tasha ba wawaye bane, sun zaɓe ta ne don ta fi ɗaukar mutane da kaya a kan man da zata sha, kamar yadda a da suka zaɓi Peugeot 504 doguwa mai layi uku, motar kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, daga baya kuma suka koma Sharan. Aibin Sienna ɗaya da na yarda dashi, cikinta a ƙasa yake, tsakaninta da ƙasa wajen santimita 16 zuwa 17 ne, Highlander kuwa wajen 20, wanda ƙauyensu sai an ratsa rafi da damina yana da hujjar sayen jif. Amma nawa ne daga cikinmu? Yawanci daga kwalta sai kwalta. Sannan mai sayen Sienna mai jan taya huɗu ya duba da kyau, waɗannan ba a sa musu safaya ba daga kamfani.

Za a ce ai akwai kariya, a ɗora kayan a sama. Ana yi, amma rufin irin waɗannan motoci abun da aka yarda ya ɗauka bai cika wuce kilo 70 zuwa 100 ba, buhun masara ɗaya babba ya cinye ko ya wuce. Kuma jif dama doguwa ce, in ka ƙara mata nauyi a ka ta fi saurin kifewa in taya ta fashe ko ka kauce wa rami da gudu. Akwai wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ta rubuta jimillar nauyin mutane da kaya da motar zata ɗauka, a matsakaitan jif bai cika wuce kilo 700 ba. Manya bakwai masu kilo 70 sun kai 490 tun ba a saka ko jaka ba. Shi yasa zaka ga jif a hanyar Zariya bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga, fitila na haska sama, bayan wata biyu ana wurin bakanike ana zagin shokozoba wai jabu ce. 'Yan rod sefti in sun tare ka kan lodi fiye da kima ba zalunci bane a wannan karon.

Abu na ƙarshe mai muhimmanci, layi na uku shine mafi kusa da ƙofar baya, tazarar da ke tsakanin kan yaro da gilashin baya a wasu motocin kaɗan ce sosai. Don Allah a daina zaunar da yara a cikin but a bayan kujera a kan kaya, ba bel ba komai, kuma a daina ajiye tukunyar gas ko wani abu mai nauyi a saman lodi inda birki ɗaya zai wurgo shi kan na gaba. Motoci da yawa da ake kawo mana 'yan gwanjon hatsari ne daga Amurka, an gyara jiki an yi fenti, amma jakar iskar nan ta gefe da ke saukowa ta kare kan na baya ba lallai an mayar da ita ba, a sa mai na'ura ya duba kafin a biya.

Don haka ranar zuwa ganin mota kar kaje kai kaɗai da abokinka ku zauna a gaba kuna shafa sitiyari. Ka tafi da babban ɗanka mafi tsawo da akwatunan da kuka saba tafiya dasu, a ɗaga layi na uku, a gyara na tsakiya yadda babba zai zauna a ciki ba a matse ba, kai da kanka ka shiga can baya a zagaya da kai ta hanya mai gargada esi a kunne, sannan a gwada rufe but da akwatunan a ciki. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan ka wuce na gaba.

Malam Edita ina roƙon in da hali jaridarku ta riƙa ware shafi ko sau ɗaya a wata kan motocin da muke saye na hannu, a riƙa aunawa da irin iyalinmu da irin kayanmu, a kuma ji ta bakin direbobin tasha da bakanikai. Na gode da wannan fili.

Naku mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya