Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu wasan Dungeons & Dragons

Assalamu alaikum 'yan uwa, ga taƙaitaccen bayanin abin da muka yi bana a wannan wasan namu na tebur, inda kowa ke wasa da jarumin da ya ƙirƙira a cikin labari, ana jefa dayis don sanin sakamako. Zaman ranar Asabar ya ɗore in ban da lokacin azumi da muka tafi hutu, mun sayo ƙarin dayis da kuɗin wata-wata, sababbin shiga ma sun fara kama hannu.

Amma abin da ya fi cin mana lokaci shi ne kwamitin tace baiwar da mambobi ke ƙirƙira wa jarumansu, don gaskiya wasu abin da suke kawowa ya wuce gona da iri. Ɗauki maganar ɗan tauri, ɗaya daga cikinmu ya rubuto cewa ƙarfe ba ya cin jaruminsa kwata-kwata tun daga mataki na 1, wato matakin farko na ƙarfin jarumi a wasan, to in haka ne me sauran za su zauna yi a teburin, kallo? Sai muka ɗora shi a ma'aunin Barbarian, wato wani nau'in jarumi mayaƙi a dokokin wasan na 2014, wanda in ya fusata rabin illar sara da suka da duka kawai ke samunsa, na minti ɗaya, kuma sau 2 kafin jarumin ya yi dogon hutu a cikin wasan. Haka muka mayar da taurin, rabi ba duka ba, kuma yana ƙarewa. Mai shi ya yi ta mita amma yanzu shi ya fi kowa jin daɗin jarumin.

Layar zana ma sai da aka kai ruwa rana. A dokar asali ta wasan mai sihiri ba ya samun ɓacewa sai mataki na 3 kuma da ya kai hari asirin ya karye, wadda za ka yi sara kana ɓoye kuwa sai mataki na 7. Don haka duk mai son layar zana tun farko dole ya yarda tana karyewa da ya zare wuƙa, ba mu da wani sassauci a nan.

Ƙa'idar da muka tsayar ita ce, ka nemo baiwar da ta yi kama da taka a matakin da jarumin yake ka gwada su, sannan ka faɗi abin da jarumin zai rasa in ya samu wannan. A ganina nan ne akasarinmu ke zillewa, kowa so yake ya ci bulus.

Baɗi kowace sabuwar baiwa sai an gwada ta a zaman gwaji tukuna, a miƙa ta a rubuce ga mai jan wasa, wato mai ba da labari da alƙalanci a teburin. Masu bashin kuɗin wata don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.