Barka da Sallah daga Malesiya

Assalamu alaikum Baba da Inna, barkanmu da sallah, an sha ruwa lafiya? Allah Ya karɓi ibadunmu Ya maimaita mana. A gaida min Yaya da iyalinsa da Gwaggo ta Tudun Wada da auta.

Mu nan Kuala Lumpur awa 7 ne tsakaninmu da ku, muna sallar idi ku kuna tsakiyar barci. A Masjid Negara na yi, babban masallacin ƙasar da aka buɗe tun 1965. Garin kam ya yi tsit don kusan kowa ya tafi ƙauyensu yin sallah.

Muna sauka wani abokin aikina ya ja ni gidansu, Inna da kin ga abincin. Akwai ketupat, shinkafa ce suke ɗurawa a ɗan saƙaƙƙen ganyen kwakwa su dafa ta har ta dunƙule sai a yayyanka, kusan tuwon shinkafa ne sai dai ba a tuƙawa, ana ci da rendang, naman sa da ake barinsa kan wuta awa da awanni da madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse ya yi duhu. Wlh ya yi daɗi. Miyar gyaɗarsu ce dai har da sukari a ciki, ita kam na kasa.

Amma abin da ya tsaya min a rai ba abincin ba ne. Kafin a ci komai uban da uwar suka zauna kan kujera, 'ya'yan suka zo ɗaya bayan ɗaya daga babba har ƙarami, kowa ya durƙusa ya kama hannunsu ya sumbata yana neman gafara, abokin nan nawa magidanci da 'ya'ya uku na ga yana hawaye uwar tana shafa kansa. Sannan aka raba wa yara goron sallah a koren ambulan. Ina tsaye gefe ku kawai nake tunawa. Baba, Inna, don Allah ku yafe min duk abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ci gaba da sa min albarka.

Su duk watan Shawwal gida a buɗe yake, har maƙwabtansu 'yan China da Indiyawa da ba musulmi ba suna shigowa su ci. Sai dai fa ba doki ko ɗaya, ba algaita ba kakaki, ni da na saba tun ina yaro mu bi tawagar Sarki daga filin idin Ƙofar Doka har fada ƙura ta bule mana sabbin kaya.

Auta ka ɗauko min bidiyon hawan Bariki ka turo ta WhatsApp. Na tura goron sallah ta akawun ɗin Yaya, a ba Gwaggo nata. Inna in an samu mai zuwa a aiko min da kuka da daddawa da yaji, nawa sun kusa ƙarewa.

Ɗanku.