Bayan tseren Tour de France, akwai hanyoyin keke na kowa da kowa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta labarinku kan gasar tseren keke ta Tour de France, na kuma ji daɗin yadda kuka tuna mana cewa tun 1903 ake yin ta. Sai dai wanda ya karanta zai zaci keke a Faransa sai zaratan samari masu haye duwatsu suna haki. Ni ɗan Damagaram ne, neman abinci ya zaunar da ni a Nantes, kuma yawancin waɗanda nake haɗuwa da su a hanya dattawa ne 'yan fansho, sai iyaye masu jan yara a 'yar amalanke a bayan keke. Hanyoyin da suke bi nake so in bayyana, saboda 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke ƙasar nan. Wani har ya gama karatu ya koma gida, abin da ya sani a Faransa bai wuce ɗakinsa da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ba.

Mai farawa ya fara da hanyar keke ta La Loire à Vélo. Tana bin kogin Loire kimanin kilomita 900, daga kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins, inda kogin ya faɗa tekun Atlantika. Babu wani hawa na a-zo-a-gani, don a wurare da dama hanyar tana kan ganuwar da mutanen da suka tayar domin tare ambaliya. Iska galibi daga yamma take kaɗawa, saboda haka wanda ya tashi daga Nantes ya yi gabas, ita za ta riƙa tura shi. Za a bi ta Saumur da Tours da Amboise da Blois da Orléans, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Fadojin sarakuna kuwa sai wanda ya gani, irin su Chambord da Sarki François na ɗaya ya sa aka fara ginawa a 1519. Amma gaskiya, idan ka shiga biyu ko uku, sauran sai ka riƙa gaishe su daga nesa, ga kuɗin shiga ba kaɗan ba.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne gefen Saumur. Farin dutse mai laushi da aka gina fadojin yankin da shi, daga cikin tsaunukan bakin kogi aka sassaro shi, sai aka bar ramuka masu zurfi. Mutanen wurin ba su bar su haka ba. Wasu sun zama ma'ajiyar giya, wasu ana noman naman kaza a cikin duhunsu, wasu kuma gidaje ne sosai. Za ka ga ƙofa da taga da labule a jikin dutse, ga tukunyar fure a bakin ƙofa, bututun hayaƙin gidan kuma ya ɓullo ta sama a tsakiyar gonar inabi.

A Nantes ina roƙon duk ɗan Afirka ya sauka daga keke a bakin kogi. A ƙarni na 18 babu tashar jiragen ruwa a Faransa da ta kai wannan birni fataucin bayi. A 2012 aka buɗe wurin tunawa da soke bauta, kuma a daɓen hanyar an kafa ƙananan allunan gilashi kusan 2,000, mafi yawansu ɗauke da sunayen jiragen da suka tashi daga nan zuwa gaɓar Afirka. Mai sauri zai taka su bai lura ba.

Ta bakin teku kuma akwai La Vélodyssée, daga Roscoff a arewa zuwa Hendaye a iyakar Sifaniya, sama da kilomita 1,200. Ɓangarenta na arewa yana bin gefen mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin Nantes da Brest, a kan turbar da dawakai ke bi a da suna jan kwale-kwalen kaya. Daga Nantes zuwa kudu, a daure a ratse zuwa Passage du Gois, hanyar da ke kai mutum tsibirin Noirmoutier. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 4, kuma sau biyu a rana teku ke rufe ta ruf. A bakinta akwai allo mai nuna lokacin janyewar ruwa, ana kuma wucewa ne kamar sa'a ɗaya da rabi kafin lokacin da bayansa. Idan ruwa ya janye sai ka ga jama'a da bokiti da 'yar manjagara sun bazu cikin laka suna tonon ƙwanso, motoci na bin hanyar a hankali, ga ciyawar ruwa mai santsi a kan duwatsun daɓe. A gefe an kakkafa dogayen turaku masu tsani, don wanda ya yi kunnen ƙashi ruwa ya rutsa da shi ya samu inda zai hau ya jira agaji. Keken nasa dai sai haƙuri.

Bayan La Rochelle da Royan, jirgin fito zai ƙetarar da kai bakin kogin Gironde, ka shiga dajin Landes. Wannan daji shuka shi aka yi, musamman bayan dokar 1857 ta zamanin Napoléon na uku, a ƙasar da a da fadama ce da rairayi. Hanya ce miƙaƙƙiya, itace iri ɗaya dama da hagu, har ta kai mutum ga hamma. Lada yana kusa da Arcachon, wato tudun rairayi na Pilat, wanda ya haura mita 100, babu kamarsa a Turai. Turawa na hawa suna ta mamaki. Wanda ya san rairayin Tal na wajen N'Guigmi ba zai girgiza ba, sai ya kai ƙoli ya ga teku a gabansa, daji a bayansa. Gobarar watan Yulin 2022 ta ci wani yanki na dajin nan har da sansanonin kwana na gindin tudun.

Musulmi ya yi shiri tun daga gari. Shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin. Naman alade yana ɓuya cikin abinci da yawa: jambon da lardons, da rillettes da mutanen Tours ke alfahari da shi. Ni burodi da cuku da kifin gwangwani da dabino nake sawa a jaka. Ruwa kuwa, masu keke sun san maƙabartar ƙauye ba ta cika rasa famfo ba, amma a duba kada an rubuta "eau non potable", wato ba ruwan sha ba ne. Masallaci sai a manyan garuruwa, don haka a riƙe 'yar darduma, a kuma sani a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Masaukin da ke da tambarin Accueil Vélo bai wuce kilomita 5 daga hanya ba, kuma yana da wurin kulle keke. In ƙafa ta gaji, jiragen ƙasa na yanki, wato TER, suna ɗaukar keke, ko da yake a lokacin zafi wasu yankuna sai an kama wuri tukuna. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 dole ne ya sa hular kwano.

Mutanenmu na Toulouse su kuma Canal du Midi ke kusa da su, mashigin ruwa mai tsawon kilomita 240 da Pierre-Paul Riquet ya jagoranci haƙawa, aka buɗe a 1681. Su nemi keke mai faɗin taya, don wasu wuraren turbar ƙasa ce mai saiwoyi, su kuma tanadi hula, domin cuta ta sa an sare dubban itatuwan da ke yi mata inuwa, waɗanda aka dasa a madadinsu kuma ba su gama girma ba.

Wassalam,
Wani ɗan Damagaram, Nantes, Faransa