Edita, a yi wa iyayen yara masu ciwon fargaba bayanin magani da Hausa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce daga Gusau, malamar firamare, kuma na rubuto ne kan yaranmu da fargaba ta kama da maganin da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubuta musu, don na lura ana yawan yi mana bayanin hawan jini da ciwon suga da maleriya amma wannan ciwon ba a cika taɓo shi ba, alhali mu nan Zamfara yana cin yaranmu a ɓoye.

Kowa ya san abin da muka gani. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Satumba aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta Maradun har aka rufe makarantu aka katse layukan waya. Ana ƙirga waɗanda aka sace da waɗanda suka dawo, amma yaran da ke zaune a gida suna jin manya na labarin wane an tare shi a hanya, wane an kai kuɗin fansa ba a sako shi ba, su ba mai ƙirga su. Ɗiyata na cikinsu. Shekarunta 13, babanta direba ne hanyar Gusau zuwa Funtuwa yake bi, to in magariba ta yi bai shigo ba za ka same ta tsaye a bakin zaure, hannunta sanyi ƙalau, tana tambayata "Inna kin kira shi? Inna sake kira," ko tuwo ba za ta taɓa ba sai ta ji ƙarar motarsa. Da dare ta tashi ta je ta taɓa kwaɗon ƙofa ta dawo ta sake komawa. Da safe kuma ciwon ciki da bugun ƙirji, in an ce makaranta sai kuka. Mun sha maganin taifot da na ulsa har mun gaji, an yi tofi an sha rubutu, kuma har gobe ban bar addu'a ba, sai daga baya wani likita ya ce wannan ciwon fargaba ne kuma yana da magani.

Nan fa tashin hankalina ya soma. Layi ya yi tsawo a asibitin, likitan ga alama ya gaji, ya rubuta fluoxetine ya ce ta riƙa sha kullum da safe mu dawo bayan wata ɗaya, shikenan, ban fito da wani bayani ba. Da muka zo gida yayanta ya warware 'yar takardar nan da ake ninkewa cikin kwalin, rubutu ƙanana ƙanana da Turanci, yana karanto min tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, sai ya yi shiru, na ce karanta mana, ya ce Inna wai an rubuta yana iya sa yaro tunanin kashe kansa. Wallahi Edita jikina sai da ya mutu. Ga surukata a gefe tana cewa ita ba ta yarda a ɗora wa jikarta ƙwaya ba, gobe ta zama kamar yaran nan da ke layi a bakin tasha, kuma wa zai auri yarinyar da aka ji tana shan maganin mahaukata.

Ban ga laifin Hajiya ba ko kaɗan. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarinmu har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mun kuma ga masu taɓin hankali da ake ba Largactil ko a yi musu allura, jiki ya sandare, miyau na zuba, tafiya da kyar. To duk wanda ya ga wannan in ka ce masa maganin ƙwaƙwalwa abin da zai zo masa a rai kenan. Ni ma sai da ƙanena da ke aikin jinya ya zaunar da ni ya warware min, kuma abin da ya faɗa min shi nake so ya isa ga sauran iyaye don ba kowa ke da ɗan'uwa a asibiti ba.

Ya ce wannan maganin jinsinsa daban da wancan, shi da wani magani mai suna sertraline 'yan gida ɗaya ne, ba ya bugarwa kuma ba ya sa mutum ya riƙa ƙwalamar sa yana neman ƙari kamar Valium ɗin nan da yara ke kira D5, wanda wasu masu kemis ke miƙa wa uwa in ta ce ɗanta ba ya barci, Valium ɗin ne mai kama mutum. Amma fa ba ya aiki nan take, sai an yi sati 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, illolin kuma su ke riga zuwa, shi ya sa iyaye ke jefar da shi a satin farko su ce ya ƙara mata ciwo. Mu ma mun ga haka, ta yi ta tashin zuciya, abinci ya ragu, ga wani rashin natsuwa ta kasa zama wuri ɗaya, da na koma aka ce ta riƙa sha bayan ta karya, aka kuma duba yawan da take sha, a hankali abin ya lafa.

Maganar kashe kai kuwa gaskiya ce ba ƙage ba, kuma ni ina ganin ɓoye wa iyaye ita zalunci ne. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗin, bayan an haɗa gwaje-gwajen da aka yi da yara sama da 4,000 aka ga kusan 4 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna sun samu wannan tunani ko yunƙuri, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kuma 2 cikin 100, sai dai ba yaro ko ɗaya da ya kashe kansa a gwajin. Ma'anar gargaɗin a sa ido, musamman makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage maganin, in yaro ya canza ya zama mai zafin rai, ko ya daina barci sam, ko ya fara maganar gara ya mutu, a koma asibiti a ranar kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya ko da an ga sauƙi, jiri da tashin zuciya da fushi na iya biyo baya, likita ne ke rage shi sannu sannu. Haba don Allah, wannan bayanin minti nawa zai ci a faɗa wa uwa da Hausa kafin ta bar ofis?

Abin da ya fi ci min rai shi ne ashe ba ƙwaya ce kaɗai hanya ba. Akwai maganin zama da ƙwararre, ya koya wa yaro gane tunanin da ke tsorata shi da yadda zai tunkari abin kaɗan kaɗan maimakon gudu. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2008 kan yara 488 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 sun samu sauƙi sosai da zaman kaɗai, kashi 55 da sertraline kaɗai, da aka haɗa biyun kuma kashi 81. To mu ina za mu samu mai yin wannan zaman? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, mu mutum sama da miliyan 200, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da mu yana Kware a Sakkwato, ga kuɗin mota ga hanyar da sai an yi addu'a kafin a hau. Ɗan abin da na koya nake gwadawa a gida, na daina barinta ta fashe makaranta, in raka ta bakin get in tsaya kaɗan in tafi tana hawaye ina hawaye, kuma mun yi da babanta ya kira sau ɗaya in ya wuce Tsafe maimakon mu yi ta kiransa. Alhamdulillahi yanzu tana cin abincin dare ko bai dawo ba, ko da yake ranar da aka ji harbi a gari sai mu koma baya.

Marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ina roƙon gwamnatin Zamfara da ta Kebbi, su ma sun ga satar ɗaliban Birnin Yauri, su sa mu ga wannan dokar a ƙasa, a horar da ma'aikatan jinya da malaman makaranta su iya wannan zama da yara, a kuma buga bayanin magungunan da Hausa da ajami a riƙa ba iyaye. Malamanmu ma su taimaka a mumbari, in liman ya ce ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti Hajiya za ta ji fiye da in ni na faɗa.

Kai kuma Edita roƙona ka samo mana likitan ƙwaƙwalwa mai jin Hausa ya riƙa amsa tambayoyin iyaye a shafinku ba tare da an buga sunansu ba. Ni tawa ga ta tun yanzu: in azumi ya zo da sahur za ta sha ko bayan buɗa baki, kuma yarinyar da ke tasowa in ta daɗe tana sha yana taɓa girmanta ko al'adarta, sannan ta yaya zan gane na gaskiya da jabu tunda ba kullum kemis ɗaya ke da shi ba?

Na gode, Allah ya ba mu zaman lafiya.

Wata uwa, Tudun Wada, Gusau