Kafin ka yi wa ɗanmu faɗa, ƙirga awoyin barcinsa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya iso, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar ɗanmu babba. Ka ce tun da ya shiga shekara 15 ya zama kamar ba shi ba: abu kaɗan ya hau fushi, ƙannensa ba su isa su yi masa magana ba, wani lokaci kuma ya shige ɗaki ya rafka tagumi. Kana zargin abokan banza. Mai yiwuwa ne. Amma kafin ka kai can, don Allah ka ƙirga awa nawa yake barci a dare.

Na faɗi haka ne domin na ga irinsa a kan 'yata. Na yi watanni ina yi mata faɗa a kan tsiwa da kumbure-kumbure, ashe yarinyar da ƙyar take samun awa 6. Har yau abin yana damuna. Masana barci na Amurka sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare.

Za ka ce to ya kwanta da wuri mana. Nan ne matsalar take. Akwai sinadarin da ake kira melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Idan yaro ya balaga, sakin sinadarin yakan jinkirta da awa 1 zuwa 2. Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta daɗe tana bincike a kan wannan. Saboda haka yaron da kake kora ya kwanta ƙarfe 9, idonsa biyu har wajen 11, kuma ba taurin kai ba ne. Ga hasken waya yana ƙara jinkirta barcin, ga makaranta tana jiransa da sassafe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda rashin barci ke shafar zuciya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai tayar da tsoro da fushi. Bayan goshi kuma akwai sashen da ke riƙe masa linzami, mai cewa dakata, yi tunani. Wannan na biyun ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. A 2007, Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun hana wasu mutane barci na kimanin awa 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Amigdalarsu ta motsa fiye da ta waɗanda suka yi barci da sama da kashi 60 cikin 100, alaƙarta da mai linzamin kuma ta yi rauni. Waɗannan fa sun wuce shekarun ɗanmu. To ina ga wanda linzaminsa bai gama ƙwari ba?

Sannan yawancin barcin mafarki, wanda ake ganin yana taimakawa wajen sassauta zafin abin da ya ɓata wa mutum rai, a ƙarshen dare yake zuwa. Shi ne kuma wanda tashin sassafe ke datsewa. Irin waɗannan dalilai ne suka sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30, jihar Kalifoniya kuma ta fara aiki da doka a kan haka a 2022.

Mu dai abin da ya taimake mu, waya ta daina kwana a ɗakinta, tawa ma na daina kwana da ita don kada ta ga an ware ta. Mun rage mata abin sha mai kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci) da yamma, kuma ko ranar hutu ba ta wuce lokacin tashinta da nisa. Sannu a hankali dariyarta ta dawo. Idan za ka yi masa maganar, ka bari sai ranar da ya huta, kuma ka fara da tambayarsa me ke hana shi barci.

Sai dai ka sa ido. Rashin barci yana jawo ciwon damuwa, damuwar ma tana hana barci. Idan baƙin cikin ya wuce mako 2, ya daina sha'awar abin da yake so a da, ko ka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada ka jira, ka kai shi wurin likita.

Ka ƙirga na mako guda ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaida mini shi sosai, ka ce babansa na nesa yana tambayarsa.

Naka amini.