Kafin a kafa falwaya, a fara kunna fitilar a kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan fitilun titi, tunda yanzu kusan kowace unguwa a Kaduna ta shiga yayin sola. Ni ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne ni ne ma'ajin kwamitin layinmu, kuma da hannuna na ƙirga kuɗin jama'a na miƙa, aka yi mana aikin da har yau nake jin nauyinsa idan na haɗu da dattawan unguwa.

Bara ne, bayan an ƙwace wa wata yarinya waya a bakin layi da isha'i, muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa muka yanke shawarar yin karo-karo. Tsawon layin ya kai mita 350. Muka samo mai aiki, ya ce fitila takwas ta ishe mu har da rara, domin kowace ɗaya wat 300 ce, ga shi nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ya kafa falwayoyi masu tsayin mita shida, ya auna tazara da taku, ya karɓi kuɗinsa. Daren farko sai ka ce sallah. Yara suka yi ta guje-guje, mai shayi ya kwashe teburinsa ya koma gindin falwaya ta uku.

Kafin mako ya zagayo murna ta koma ciki. Gindin kowace falwaya fes, ko allura ka yar za ka tsinta, amma ka yi taku goma sha biyar sai ka faɗa duhu ƙirin. Kuma duhun ya fi na da muni, don a da ido ya saba, yana ɗan ganin hanya da hasken shaguna. Yanzu kana fitowa daga hasken sai idonka ya rufe, wanda ya raɓe a jikin katanga yana ganinka sarai, kai ba ka ganinsa. Wajen ƙarfe uku na dare kuwa fitilun sun zama kamar aci-bal-bal. Wani dattijo maƙwabcina ya zurma kwata a hanyarsa ta zuwa sallar asuba, a tsakanin falwaya ta biyar da ta shida, ya yi kusan wata yana ɗingishi.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zo hutu, muka fita bayan magariba, ya ɗaga kai ya dubi fitilun ya ce, "Kawu, wa ya yi muku lissafin wannan?" Na ce lissafin me, ai ga rasit nan. Ya yi murmushi irin na yaron da ba ya son ya kunyata babba. Washegari ya ɗauko tef ya auna faɗin layin da na kwatoci, ya auna tazarar falwayoyin, wata mita 42, wata har 50. Sai ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wata manhaja mai suna DIALux. Wani kamfanin Jamus ne mai suna DIAL ya yi ta, kuma kyauta ake sauke ta daga intanet. Akwai takwararta Relux ta ƙasar Suwizalan. Masu tsara haske a duniya da irin waɗannan suke aiki.

Yadda abin yake, za ka gina titin a cikin kwamfuta tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba. Ka gaya mata faɗinsa, hannu nawa ne, akwai tsibiri a tsakiya ko babu, ina masu tafiya a ƙasa suke bi. Ka gaya mata tsayin falwaya, tsawon hannun da ke riƙe da fitilar, yadda aka karkata kanta, da ko a gefe ɗaya za a jera su, ko gefe biyu suna kallon juna, ko a saɓa su, ko a tsakiya da kai biyu. Sannan ka ɗora mata fayil ɗin fitilar da kake son saye. A nan gizo yake saƙar. Duk kamfanin fitila na ƙwarai yana kai fitilarsa ɗakin gwaji a auna yawan hasken da take jefawa ta kowace kusurwa, a adana sakamakon a fayil da ake kira IES ko LDT. Da shi manhajar take sanin inda hasken zai sauka. Yaron nan ya kira wanda ya sayar mana ya tambaye shi fayil ɗin, mutumin ya zaci rasit ake nufi. Dole sai fayil ɗin wata fitila mai kama da tamu ya ara don mu ga kwatankwacin abin.

Hoton da ya fito, wallahi layinmu ne sak, dabbare-dabbare kamar fatar damisa. A nan na fahimci cewa wat ba haske ba ne, wutar da fitila take ci ce. Hasken da take fitarwa da lumen ake auna shi, wanda ya sauka a ƙasa kuma da luks, wato lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Haske kuma yana raguwa da sauri fiye da yadda muke zato: ka ninka nisa sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙa'idar Turai ta hasken titi, EN 13201, wadda manhajar take gwada aikinka da ita, ta kasa hanyoyi aji-aji. A ajin P4, wanda ya dace da layin unguwa irin namu, matsakaicin haske luks 5 ake nema, kuma kada wani wuri ya gaza luks 1. Hasken farin wata daren sha huɗu ma bai kai luks ɗaya ba. Mu a gindin falwaya mun ninka abin da ake buƙata, a tsakiya kuwa kusan farin watan kawai muka dogara da shi. Ashe daidaiton hasken ya fi ƙarfinsa muhimmanci.

Sai ya fara wasa da lambobi. Ya rage tazara zuwa mita 25, ya zaɓi fitila mai ƙaramin ƙarfi amma mai gilashin da ke shimfiɗa haske hagu da dama a tsawon titi maimakon zuba shi wuri guda. Nan take damisar ta ɓace. Ya ce ko ba kwamfuta, masu aikin suna da ƙiyasi cewa tazara takan kasance ninki uku zuwa huɗu na tsayin falwaya. Tamu ta kai ninki bakwai, har takwas. Falwaya goma sha huɗu ko sha biyar layin yake so, mu muka sa takwas muna tafi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, mu sai da gini ya bushe muka tuna da zanen.

Maganar wat 300 kuwa, wannan ba aikin manhajar ba ne, a bayan ambulan ya yi mini lissafin. Rana tsaka takan sauke kimanin wat 1,000 a kan murabba'in mita, farantin sola mai kyau yana kama wajen kashi ɗaya cikin biyar. Farantin da ke kan fitilarmu bai wuce girman tiren shayi ba, da ƙyar ya ba da wat 30. Ko ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, abin da ya tara idan aka raba shi a kan dare mai awa goma sha biyu bai wuce wat goma da 'yan kai ba. Fitilar da take cin wat 300 da gaske har gari ya waye, farantinta sai ya rufe rufin ƙaramin shago. A watan Agusta da hadari yake wuni a kan Kaduna, lamarin ya ƙara ɓaci. Shi ya sa suke mutuwa kafin asuba, daidai lokacin da masallata da mata masu ƙosai suke fitowa.

Tun daga nan idona ya buɗe, duk inda na bi da dare sai na riƙa kallon ƙasa maimakon kallon fitila. Tun da aka fara aikin sabunta birnin Kaduna a 2019 an faɗaɗa tituna da dama, an sake gina gadar sama ta Kawo, kuma babu mai musun cewa dare a cikin gari ya sauya. To amma manyan tituna irin Ahmadu Bello Way da Ali Akilu lissafinsu daban yake da na layin unguwa. A can abin da ake aunawa shi ne hasken da kwalta take mayarwa idon direba, shi ya sa manhajar take tambayar irin kwaltar, don sabuwa baƙa wuluk ta fi tsohuwa shanye haske. Tana kuma lissafa yadda fitila take kashe ido. Mutanenmu suna son ɗaga kan fitila sama wai don ta kai nesa, alhali idon mai Keke Napep kawai take haskawa, da tagogin mutane masu barci. Mahaɗa da shataletale, inda mota da babur da mai turin baro suke cakuɗewa, su kuma ajinsu daban, sun fi buƙatar haske. Har launi abin dubawa ne: farin nan mai shuɗi-shuɗi da 'yan kasuwa suke tallatawa a matsayin mai ƙarfi ya fi damun ido a kan mai ɗan ɗumi, na 3,000 zuwa 4,000 a ma'aunin Kelbin da ake auna launin haske da shi.

Ba na cewa kwamfuta waliyyiya ce. Abin da ka ba ta shi take dafawa. Akwai wani gurbi da ake sa lambar raguwar haske saboda tsufa da datti, da yawa sukan bar shi a 0.8 su wuce. Wanda ya san hunturun Kaduna, yadda ƙura take lulluɓe gilashin mota cikin dare ɗaya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya san sai dai a rage lambar ko a tanadi mai hawa yana gogewa. Haka kuma ba ta san akwai bishiyoyin dogon yaro da mangwaro masu tare haske a Unguwar Rimi ba sai ka gaya mata. Kuma ɗan kwangila mai wayo zai iya lissafi da fayil ɗin fitila mai tsada, ya je ya kafa ta bogi.

Don haka roƙona ga duk mai ba da aikin fitila, gwamnati ce, ƙaramar hukuma ce, ɗan majalisa mai aikin mazaɓa ne, ko kwamitin masallaci: kada a saki ko sisi sai an ga takardar lissafin haske, da sunan fitilar da fayil ɗinta, da sa hannun injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Bayan an kafa, a fita da na'urar auna luks da dare, a auna gindin falwaya a auna tsakiya, a dawo da ƙarfe huɗu na asuba a sake aunawa, sannan a biya cikon kuɗi. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna su ma ga dama ta samu: a tura ɗalibai unguwanni su yi wa kwamitoci wannan lissafi a matsayin aikin kammala karatu. Yaron nan wuni ɗaya ya yi namu, ladansa tuwon dare.

Mu dai yanzu mun buɗe karo-karo na biyu don cike gurabe shida. Wasu sun biya, wasu sun ce sai na fara bayanin inda na farko ya tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Na buga hoton damisar nan na liƙa a allon sanarwa na masallaci. Dattijon da ya faɗa kwata shi ya fara kawo nasa kuɗin, amma har yau da tocila yake fita asuba.

Na gode.

Naka,
Ma'ajin wani kwamitin unguwa,
Kaduna.