Ɗalibanmu sun iya haɗiye fushi, ba su iya faɗinsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mini da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ina da shagon kwafi da buga takardu a Kabuga, kuma akasarin masu zuwa wurina ɗaliban jami'a ne.

Kwanakin baya wani ɗan ajin ƙarshe ya kawo babi na uku na furojet ɗinsa a sake bugawa, karo na huɗu. Yarona ya tsallake shafi ɗaya. Kafin ka ce kwabo saurayin nan ya yayyaga takardun, yana zazzaga masifa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Na tashi zan kore shi ke nan, sai wata ɗaliba da ke jiran layi ta ce a hankali, "Yaya, ka karya kuwa?" Sai ya yi tsit. Ashe rabonsa da abinci tun daren jiya, kuma rabin hanya daga Rijiyar Lemo a ƙasa ya tako, saboda yadda kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Abin da yarinyar nan ta yi, masana sun daɗe da nazarinsa. A takardun ɗaliban ilimin halayyar ɗan'adam da nake kwafa (nakan saci karatu in inji na aiki) na ga wasu Amurkawa biyu, Peter Salovey da John Mayer, sun yi rubutu a kai tun 1990: mutum ya gane abin da ke motsi a zuciyarsa, ya karanci na wani, ya iya ja wa kansa linzami. Da na tambaye ta inda ta koya, dariya ta yi. Ta ce a gida mai mata uku ta tashi, tun tana ƙarama sai ta karanci fuska kafin ta buɗe baki.

Shi kuwa, irin tarbiyyar da aka yi mini aka yi masa: namiji ba ya kuka, komai ya same ka ka yi haƙuri. Kunya da kawaici ado ne, ban musa ba. Amma yaron da bai taɓa samun wanda zai ce wa "raina a ɓace yake" ba, a kan wa zai sauke? Ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022 da ya ja masa shekarun karatu, ga ƙannensa an yi musu aure, a gida kullum ana "yaushe za ka gama?"

Roƙona ga iyaye, in kun kira yaranku, kada sakamakon jarrabawa ya zama gaisuwarku. Jami'o'i kuma su tallata ofisoshin ba da shawara, don ɗalibai da yawa da na tambaya ba su san ƙofarsu ba.

Washegari saurayin ya dawo ya biya kuɗin takardun. Bai iya cewa a yafe masa ba, sai ya ajiye wa yarona ƙullin gurasa ya fita.

Naku,
Mai shagon kwafi,
Kabuga, Kano.